Rabin Rigar Sarkin Noma

Kun daɗe kuna yi wa hoton nan dariya. Ina jin ku sarai, ko da kun ɗauka kunnena ya mutu. Duk sallah in kun taru a ɗakina, sai wani ya ɗaga kai ya dubi bango ya ce ga babanmu ranar naɗinsa da rabin riga, sauran su kwashe da dariya. Na kuma san abin da aka gaya muku a waje: wai na sayar da zaren, wai na ƙona shi a tukunya, wai dama mu 'yan Bebeji hannunmu a dunƙule yake. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don mai rigar yana raye, kuma shi bai ce a faɗa ba. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, Allah ya jiƙansa, ni ma la'asar ta yi mini sakaliya. Ga shi kuma na ji kuna shawarar kiran masu zarto su kwantar da kurmin itatuwan doka da ke bayan gona, wai filin ya yi shekaru yana zaman banza. Gonarku ce, ba zan hana ku ba. Amma ba za ku sare shi a kan rashin sani ba, don haka ku zauna ku ji yadda aka yi rigar ta zama rabi.

An kawo ni ƙauyen nan na ƙasar Doguwa da sana'a ɗaya a hannuna, kaɗin zaren tsamiya, wanda na koya a gaban kakata. Ku 'yan yanzu in an ce tsamiya sai ku tuna kunu. Wannan daban ce. Tsutsa ce mai gashi da ke cin ganyen doka da damina. In kaka ta yi sai su taru, su da yawa, su saƙa wa kansu gida ɗaya a jikin itacen, kowace da ɗan ɗakinta a ciki, su rufe su yi shiru har rani ya wuce. In ruwa ya sauka sai su fito da fukafukai, sun zama faɗa-wuta, dangin wannan da ke zagaya fitila. Gidan da suka bari shi ne rabonmu. A dafa shi da ruwan toka har danƙonsa ya saki, a wanke, a shanya, a tsefe, sannan a zauna da mazari da alli. Ƙaiƙayin gashin nan kuwa, Allah kada ya ɗora muku, sai ki sosa hannu har ki ga jini. Zaren da ke fitowa fari ne mai ɗan duhu, ba ya walƙiya irin na kanti, amma riga za ta tsufa ta yage ta bar shi yana nan. Kakata ƙa'ida ɗaya gare ta. Duk gidan da aka kawo sai ta auna shi a tafin hannu, ta kai shi kunne. In ta ji sakayau, a sa a tukunya. In ta ji nauyi sai ta ajiye shi gefe.

"Masu gida na ciki," haka take cewa. "Ba a rushe wa mutum ɗaki yana barci."

A gidan nan kuma na tarar da wata sana'ar da ban taɓa gani ba. Kakanku, wanda nake kira Baba, yana da tunkun jibda, dabbar da ake samun turare a jikinta, a kejin katako a bayan rumbu. Girmansa kamar matashin kare, ƙafafu gajeru, jiki toka-toka da baƙaƙen ɗige-ɗige, ga baƙi a idanu sai ka ce ya zizara kwalli ya wuce wuri. Kunnensa na hagu a yage yake tun tarkon da ya kama shi. Baba da hannunsa yake ciyar da shi, nama da ƙwai da 'ya'yan kanya, abin da mu a gidan ba kullum muke gani ba. Lokaci lokaci ya riƙe wutsiyarsa ta tsakanin katakai, ya kankaro jibdar da wani ɗan cokalin ƙaho. Ɗanyarta wari gare ta mai tayar da zuciya, amma a ɗiga kaɗan a cikin mai, a shafa wa sabuwar riga, sai a yi wata ana jin ƙamshin ko mai rigar ya wuce. Ni da tunkun nan ba ma ga maciji. Warinsa har cikin tuwona nake jin shi, shi kuma da ya hango ni sai gezar bayansa ta miƙe.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun da masara da takin zamani suka haukata ƙasar nan. Kowa ya ɗauki gatari. Daga Tudun Wada har nan, dajin da muka sani ya fara komawa gona, kuma babanku ne a kan gaba. Ya yi noman da aka daɗe ba a ga irinsa ba, har yana cewa baɗi kurmin dokan bayan gona ma masara zai zama. Da rani ya yi nisa sai dagaci ya aiko cewa za a naɗa shi Sarkin Noma kafin ruwa ya sauka. Kun san babanku, mutum ne na kirki, amma bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. A dandali, gaban kowa, ya ce rigar da zai sa ranar nan babu abin kasuwa a jikinta ko ɗaya: audugar gonarsa, zaren tsamiyar matarsa, jibdar ubansa. Mutane suka yi ta jinjina masa. Ni da labarin ya iso mini a madafa sai gabana ya faɗi, don na san abin da ya rage a kwallata.

Aka saƙa rigar, aka kai wa mai ɗinki a Tudun Wada, ya zana aikin da tawada: aska biyu a hagu, tambari a dama, wani tambarin a baya. Na ba da duk zaren da na tara. Ya ci askar hagu tsaf, ya ƙare. Na aika wa Hajjo, Bafulatanar da ke kawo mini gidajen tsamiya daga daji in sun fita kiwo. Ta zo da ƙwaryar nononta ta zauna a ƙofar ɗakina, ba ta ko sauke ta daga cinya ba.

"Rabi, babu," ta ce. "Inda nake samowa duk an sare. Na bi shanu har gindin duwatsun Riruwai ina ɗaga kai, wuyana har ciwo yake. Ko ɗaya ban gani ba."

Babanku ya hau mota ya je birni. Abin da ya samu a can ja-ja ne, ba zai zauna kusa da nawa ba. Mai ɗinki ya ce a cika da zaren kanti, babu mai lura. Babanku ya ce shi ba zai sa rigar da rabinta gaskiya rabinta ƙarya ba.

Ana cikin haka sai ga Iliyasu, ɗan kawuna, taubashina, wanda yake malamin daji a gandun Falgore. Ya jingine babur ɗinsa a zaure, ya durƙusa ya gaida Baba, suka daɗe suna gaisawa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. An kai musu labarin akwai mai tsare da tunku a ƙauyen nan, kuma doka ba ta yarda a kulle naman daji haka kawai ba. Baba bai yi fushi ba. Ya ce a bar shi ya kankari ta ƙarshe saboda rigar ɗansa, bayan naɗi zai buɗe kejin da kansa. Iliyasu ya ce maganar dattijo ta fi takarda. Daga nan ya shigo tsakar gida ya same ni ina tsefe ɗan guntun da ya rage.

"Mai tsutsa, har yanzu ba ki tuba ba?"

"Mai gadin birai, an ba ka hutu ke nan? Zo nan in tambaye ka. Wannan littafin naku da aka rubuta tunkun Baba a ciki, tawa tsutsar tana shafi na nawa?"

Ya yi dariya, ya jawo turmi ya zauna. Abin da ya gaya mini ranar nan har yau ina juya shi a raina. Ya ce masu ilimin halitta sun raba duk abin da ke numfashi gida-gida, kowane gida da ɗakunansa. Tunku yana da gashi, jininsa da ɗumi, uwarsa nono ta ba shi, don haka gidansu ɗaya da saniya da akuya.

"Da ke kanki, Rabi," ya ce. "Sai dai shi ɗakinsa na masu fiƙa ne, maƙwabcin kyanwa da kura."

Na ce Allah ya kiyaye in haɗa gida da mai warin nan. Ya ce ai ba a zaɓen dangi. Faɗa-wutata kuwa ƙafa shida gare ta, gidansu ɗaya da fara da zuma da sauro, ɗakinta na masu hoda a fiffike. Ya ce 'yan gidan nan sun fi ƙarfin ƙirga, har gobe ana samun waɗanda ba a raɗa wa suna ba. Na dubi guntun da ke hannuna. Shekara da shekaru ina taɓa abin nan, ashe ya fi nisa da ni a kan dabbar da nake tsine wa kullum. Sai na tambaye shi wanne ne ya fi kusa da ƙarewa.

"Tunku ba ya zaɓen abinci," ya ce. "Ɓera, ƙwaro, kanya, mushe, duk ɗaya ne a wurinsa. In an kore shi nan ya koma can. Taki kuwa ganyenta kawai ta sani. In doka ta faɗi, ta faɗi tare da ita."

"To me ya sa kuka rubuta shi kuka bar ta?"

"Don shi ana ganinsa. Ranar da ya ɓace, maharba za su faɗa. Ita in ta ƙare, wa zai kawo mana labari? Ban san ko akwai wanda ya taɓa ƙirga ta ba. Sai dai ke da Hajjo."

Baba yana kan tabarmarsa a gindin rumbu, mun ɗauka gyangyaɗi yake. Sai muka ji muryarsa.

"Ku kun raba su da ƙafa da nono, kuma kun yi daidai. Mu da muka taso, da yadda ake karɓa a wurinsu muka raba. Akwai wanda ba ya ba ka sai da wuƙa. Akwai wanda ke ba ka da hannu, kamar saniya da kaza. Akwai kuma wanda ke bar maka a hanya ya wuce abinsa. Tsutsar 'yar Bebeji tana cikin na ukun. Tunku ma can yake, don ubana a jikin kututture yake kankaro jibda, inda dabbar ta goga ta tafi. Da daji ya fara nisa ne muka koma keji."

Iliyasu ya ce wannan ma rabo ne, kuma a rabon Baba aƙalla su biyun sun kwana ɗaki ɗaya. Suka yi ta hira har la'asar.

Bayan 'yan kwanaki, ina tankaɗe da hantsi, babanku ya shigo da buhun taki a kafaɗa, fuskarsa sai annuri. Ya sauke a gabana ya buɗe. Gidajen tsamiya ne, manya, farare tas, ya ɓantaro su da ɓawon itacen. Ashe duk neman da ake yi a nesa, suna nan a kurmin bayan gonarsa, can sama inda ido ba ya kai wa. Da sun isa tambari biyu har su yi saura. Na ɗauki ɗaya don murna, sai hannuna ya yi ƙasa. Na kai shi kunne. Da farko ban ji komai ba, amma da ɗumin tafina ya ratsa shi sai na ji wani ɗan motsi a ciki, can ƙasa-ƙasa. Duk macen da ta taɓa ɗaukar ciki ta san irin wannan motsi. Na ɗauki sauran ɗaya bayan ɗaya, duka da nauyi.

"Malam, masu gida na ciki," na ce. "Sai ruwa ya sauka za su fita."

"Naɗin kuma kafin ruwa ne. Ɗora tukunya."

"Ba zan iya ba."

Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ce masa a'a kai tsaye ba, sai dai in bi ta bayan gida.

"Tsutsa ce fa, Rabi, ba ɗan mutum ba. Allah ne ya hore mana ita."

"Ya hore mana. Amma ka ji abin da Hajjo ta ce, babu saura a dajin nan. In na dafa waɗannan, na dafa na baɗi da na baɗin baɗaɗa. Kai manomi ne. Ka taɓa ɗebo irin shuka ka dafa wa baƙo?"

"Kada ki koya mini noma."

Ya faɗi maganganu, ni ma na faɗi waɗanda ba sai na maimaita muku ba. Ya tuna mini alkawarin da ya yi a gaban mutane. Na ce ba da bakina aka yi shi ba, kuma wannan ita ce ta fi yi masa zafi. Ya juya wurin Baba ko zai sa baki. Baba ya ci gaba da gyaran igiyar da ke hannunsa, ya ce shi dai ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Babanku ya fita ya bar buhun a ƙofar ɗakina. Yana iya ɗauka ya kai wa wata a wani gari ta dafa masa, amma bai yi ba. Ya bar mini ne in zaɓa tsakanin fuskarsa da tsutsa, kuma na san haka sarai. Washegari na aika aka kira Hajjo, muka mayar da gidajen kurmin, ta hau da igiyar rama ta ɗaure su a inuwar rassa, kusa da inda aka ciro su.

Ranar naɗi na ɗauka zai nemi wata rigar ya sa. Ina! Wannan ɗin ya zura. Hagu cike da aiki, dama kuwa zanen tawadar mai ɗinki ne kawai, da'ira a kan da'ira, babu zare ko sili ɗaya. Baba ya shafa mata jibdarsa ta ƙarshe, ƙamshi ya cika zaure. Na san don ni ya sa ta, don duk garin ya ga abin da matarsa ta yi masa. Kuma an gani. Makaɗin noma yana cikin kirari sai ya jefa "mai rabin riga", jama'a suka ɗauka, sunan ya bi shi har kabari. Ni ina cikin gida ina kwasar tuwon baƙi, mata suna magana ƙasa-ƙasa, in na juyo su yi shiru. Mai hoto ya ɗauki wannan da kuke wa dariya. Ku dubi bakinsa da kyau, ba murmushi yake ba.

Daga ranar nan maganarsa da ni ta koma "ina kwana" da "kawo ruwa". Bai zage ni ba, bai kore ni ba, amma hirar bayan magariba da muka saba ta mutu. Na ji ciwon abin nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Baba kuwa ya cika alkawarinsa. Kwana ɗaya da naɗi ya sa aka ɗauki kejin zuwa bakin kurmi, ya zare sakatar. Ya ce tunkun ya daɗe a bakin ƙofa yana shinshinar iska, sannan ya taka a hankali ya shige ciyawa, ko waiwaye bai yi ba.

Ruwan farko ya sauka. Na je kurmin da sassafe, gidajen suna nan yadda muka ɗaure su. Aka sake yin ruwa, aka yi shuka, masara ta tsiro, shiru. Nan ne tsoro ya kama ni. Na ce wataƙila ɓantaro su da aka yi ya kashe su, wataƙila zafin bazara ya dafa su a ciki, na ɓata rigar mijina da zaman gidana a kan mushe. Kullum bayan sallar asuba sai in yafa mayafi in ce zan je neman ganyen miya. Babanku yana gani, bai taɓa tambayata wace miya ce ba ta ƙarewa ba.

Wata safiya bayan an kwana ana yayyafi, gari ya fara wayewa, na shiga kurmin. Da farko na ɗauka wani ne ya shanya fararen tsummoki a jikin itatuwan. Na matsa kusa. La'ilaha illallahu. Daga rassan da muka ɗaure gidajen har ƙasa, jikin dokan nan a lulluɓe yake da su. Farare ne masu ratsin ƙasa-ƙasa a fiffike, kowace da ratsinta iri ɗaya da na 'yar'uwarta, kamar hannu ɗaya ya zauna ya ja musu layi. Wasu suna kan fitowa ta 'yan ƙofofin da suka huda, jikinsu a jiƙe, fukafukai a yamutse kamar tsumma. Na tsaya ina kallon ɗaya. A gaban idona fiffiken nan ya fara buɗewa, yana miƙewa a hankali, har ya zama shimfiɗaɗɗe ba ko lanƙwasa. Wa ya koya mata? Ta shiga ɗakin nan tana tsutsa mai ja da ciki, ba ta taɓa ganin uwarta ba, ta yi watanni a duhu babu ci babu sha, ta kuma san ranar da ruwa ya isa. Babu ƙara ko kaɗan, sai ɗigar ruwa daga ganye. Ni da na shekara ashirin ina dafa gidajensu, ranar nan na fara ganin masu gidan. Na durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa ina ta tasbihi.

Sai na ji warin da na sani. Ciyawa ta motsa, ga shi ya fito, da yagaggen kunnensa na hagu. Ya rame kaɗan amma gashinsa ya yi sheƙi. Ya dube ni, bai ko damu ba, ya nufi gindin itacen ya fara lashe su ɗaya bayan ɗaya, yana taunawa hankalinsa kwance kamar an gayyace shi. Raina ya ɓaci. Na lalubo hoge zan jefe shi, sai na ji an riƙe mini hannu ta baya. Babanku ne, da fartanya a kafaɗa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

"Bar shi," ya ce a hankali. "Shi ma ɗan gidan nan ne. Dubi sama."

Na ɗaga kai. Tunkun ya ɗora ƙafafun gaba a jikin itacen iya tsawonsa, amma shi ba gwanin hawa ba ne. Na ƙasa kawai yake samu, waɗanda suka faɗo ko suka makara. Sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, suna ta rarrafawa sama zuwa ga sabon ganye. Da ya ƙoshi sai ya juya baya ya goga gindin wutsiyarsa a wani kututture, ya shige abinsa. Can sai na ga kafaɗar babanku tana rawa.

"Wato Sarkin Noma ya je naɗi da rabin riga don tunku ya karya kumallo."

Dariya ta kama ni tare da kuka, ban san wanne ya riga ba. Shi ma ya yi ta yi har ya dafa itace. A hanyar komawa gida ya tambaye ni me suke ci in sun fito, yaushe suke yin ƙwai, ya yi ta jero tambayoyi kamar yaro. Wasu na amsa, wasu na ce sai Iliyasu ya zo. Da muka gaya wa Baba, sai ya ɗauki cokalin ƙahonsa da sandarsa ya nufi kututturen nan.

Da damina ta yi nisa, babanku ya ɗauko 'yan ƙwadago su fara share bakin kurmin kamar yadda ya ƙudura tun bara. Suna isa suka tarar da tsutsotsin suna sauka daga wata doka za su hau wata, sun jeru a layi ɗaya, kan wannan a wutsiyar waccan, sun ratsa hanya ba a ganin farkonsu. Ɗaya daga cikin mutanen ne ya ba ni labari. Ya ce Sarkin Noma ya tsuguna yana kallo har rana ta take, sannan ya miƙe ya ce a mayar da gatura gida. An yi ta yi masa surutu a gari, wai mai rabin riga ya koma mai rabin gona. Masarar da filin nan zai ba da a shekarun nan ba kaɗan ba ce, kuma akwai shekarun da muka ji rashinta a rumbu, kun sani tunda da ku aka sha kunun. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Gidajen da aka bari kuwa, Hajjo ta sauko mini da su sakayau. Na dafa, na wanke, na kaɗa, na sosa hannuna har jini. Zare ya fito wanda ban taɓa kaɗa mai kyansa ba. Na kai masa a faifai na ce ga shi, a mayar da rigar Tudun Wada a cika tambarin, bakin mutane ya mutu. Ya ɗauki curin ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya mayar mini.

"Ajiye shi," ya ce. "In an cika ta, wa zai tambaya?"

To, ga shi kun tambaya, ko da da dariya kuka yi. Zaren yana nan a kwallar da ke ƙarƙashin gadona, rigar tana cikin akwatinsa, in kun buɗe za ku ji sauran ƙamshin. Ban san ko akwai wani kurmin da ya rage da tsutsar nan a duk ƙasar Doguwa ba. Iliyasu ya rasu bai ga an rubuta ta a littafinsu ba. Na ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ku bari ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu sosai, ku tashi bayan sallar asuba ku je ku tsaya a gindin dokan nan, ku da 'ya'yanku. In kun dawo kuna son masu zarto, ni da bakina zan aika a kira su.